Darasi na Goma Sha Huɗu: Su Wane ne Dangin Giwa?

A wani ajin manya na yamma da na koyar a unguwar Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, na taɓa liƙa hotuna biyar a jikin allo bayan sallar La'asar: giwa, dorina, karkanda, rema da ayu. Na ce wa ɗalibai su nuna mini waɗanda suke ganin gidansu ɗaya da giwa. Ba a ɓata lokaci ba, kusan kowa ya ɗora yatsa a kan dorina da karkanda. Hujjarsu a fili take: ga girma, ga kaurin fata, ga ƙafafu kamar turame. Rema aka ce dangin gafiya ce, ayu kuwa aka ce ai wannan kifi ne.

Da na ce musu a cikin duk dabbobin da ke raye yau babu masu kusanci da giwa kamar rema da ayu, sai wani dattijo da ya yi farauta a ƙuruciyarsa ya ajiye bironsa, ya ce, "Haba Malam! Remar da na sha ratayowa a kafaɗa daga kan dutse, ita ce 'yar'uwar giwa?"

Na ce, "Ita fa, Baba. Ka ba ni aron hankalinka, kuma duk inda na faɗi abin da ya saɓa wa remar da ka sani, ka tsayar da ni."

Bai tsayar da ni ba har muka tashi. Abin da muka tattauna a ranar shi ne wannan darasi.

Kama da wane ba ta wane

Ɗaliban nan ba su yi abin kunya ba, domin manyan masana ma sun faɗa ramin da suka faɗa. A 1766 wani masanin dabbobi Bajamushe, Peter Pallas, ya bayyana rema a rubuce, ya sa ta cikin dangin ɓeraye saboda siffarta. Daga baya Georges Cuvier na Faransa ya duba ƙasusuwanta da kyau, ya ce sam ba ɓera ba ce. Amma shi ma ya tara giwa da dorina da karkanda a rukuni guda, ya kira su masu kaurin fata. Yau an rushe wannan rukuni. Karkanda gidansu ɗaya da doki da jaki. Dorina tana ɓangaren saniya da raƙumi da gyado. Girman jiki da kaurin fata ba su da wuyar samuwa ga duk dabbar da rayuwa ta buƙaci hakan gare ta, don haka ba su isa shaidar asali ba. Ko a cikin mutane, dogaye biyu a layin sallah ba lalle ne kakansu ɗaya ba.

To mene ne shaida? Masana suna neman alamun da ke ɓoye, waɗanda ba su da alaƙa da irin abincin dabba ko wurin zamanta, waɗanda sai dai a gada. Kafin mu bi su, bari mu san baƙin namu biyu, tunda ita giwa kowa ya san ta ko da a hoto.

Rema 'yar ƙaramar dabba ce mai launin ƙasa, gajerun kunnuwa, ba ta da wutsiyar kirki, nauyinta daga kilo 2 zuwa 5. Mazauninta kogunan duwatsu, irin duwatsun da matafiyi ke hangowa a hanyar Dutsin-Ma da Safana, kuma ana samun ta a wurare da dama na Afirka da ƙasashen Larabawa, har da tsaunukan Azbin a Nijar. Jama'a-jama'a suke zama. Da hantsi za ka gan su kwance a kan fa suna shan rana, domin jikinsu ba ya riƙe ɗumi sosai da dare, ɗaya kuma na tsaye tana gadi. Da ta hango shaho ko mutum sai ta yi ƙara, kafin ƙiftawar ido duk sun shige. Tafin ƙafarta laushi gare shi kamar roba, kullum da danshin gumi, shi ya sa take hawa dutse mai santsi ba ta zamewa.

Ayu kuwa a ruwa yake rayuwa daga haihuwa har mutuwa. Akwai shi a kogin Kwara da Binuwai, da tafkin Kainji, da tafkin Pandam a jihar Filato, kuma Sarkawan Yawuri sun san shi tun kaka da kakanni. Tsawonsa yakan kai mita 3, nauyinsa ɗaruruwan kilo. Ciyawar ruwa yake ci. Yana da huhu, dole ya ɗago hanci ya shaƙi iska, mace tana haihuwar ɗa ta shayar da shi nono. Kifi ba ya shayar da ɗansa nono. Yana da ɗan'uwa na ruwan gishiri da ake kira dugon, wanda ke zaune a Bahar Maliya da gaɓar Gabashin Afirka har zuwa Ostireliya.

Abin da jiki ya nuna

Mu fara da haure. Hauren gyado da manyan haƙoran dorina galibi fiƙoƙi ne, wato haƙoran gefe masu tsini, irin na kare. Hauren giwa ba fiƙa ba ne. Haƙoran gaba ne na sama guda biyu, suka yi ta tsawo, kuma ba su daina girma har ta mutu. Buɗe bakin rema ka gani: haƙoran gaba na sama guda biyu, dogaye masu tsini, na namiji sun fi kaifi, su ma ba su daina girma. Ƙaramin haure ke nan. A nan ne dattijon ajinmu ya gyaɗa kai, ya ce lalle ya san haƙoran nan, kuma wanda rema ta taɓa ciza ba ya mantawa. Gafiya da haƙoran gaba take gaigayar abu. Rema ba haka take ci ba, sai ta karkata kai ta datse ciyawa da turamen haƙoranta na gefe. Namijin dugon ma yana da ɗan gajeren haure, shi ma daga haƙoran gaba na sama.

Sai ƙafa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, suna nufin ziyara, amma a wannan darasi maganar ta zauna daidai ta wata fuskar. Giwa ba ta da kofato irin na doki ko na saniya, ba ta da farata masu lanƙwasa irin na kyanwa. Abin da ke gare ta faffaɗan farce ne a bakin yatsu, giwar dajinmu yawanci huɗu a ƙafar gaba, uku a ta baya. Rema yatsu huɗu gare ta a gaba, uku a baya, da faffaɗan farce, in ban da yatsa ɗaya na ƙafar baya mai ƙumba wanda take susa da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ayu. Hannunsa ya zama kamar filafilin tuƙa jirgi, amma a bakinsa akwai farata uku ko huɗu, faffaɗa, kamar an ciro daga ƙafar giwa an manna. Me dabbar da ba ta taka ƙasa za ta yi da farce? Gado ne ya bi ta har cikin ruwa.

Na uku, nono. Duk mai kiwo ya san hantsar akuya da ta saniya tana tsakanin ƙafafun baya. Haka ta goɗiya, haka ta dorina da karkanda. Giwa nononta biyu ne, a ƙirji, tsakanin ƙafafun gaba. Na ayu a hammata suke, ɗa yakan kama ta bayan hannun uwa ya sha. Wannan ne ya sa masunta a wurare da yawa suke kwatanta ayu da mace, har aka ƙulla tatsuniyoyi a kansa. Rema tana da biyu a wajen hammata, huɗu a baya.

Na huɗu, tunda aji na manya ne za mu faɗe shi a sarari. Marainan rago da bunsuru da ingarma a waje suke, kowa na gani. Na toron giwa suna can cikin ciki kusa da ƙoda, ba su saukowa. Haka na namijin rema, haka na ayu.

Akwai kuma daɗewar ciki. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, babu dabba mai shayarwa da ta kai ta. Ayu kimanin shekara guda. Rema, da ba ta fi zomo girma ba, takan yi wata 7 zuwa 8, alhali zomon gida wata ɗaya kacal yake yi. 'Ya'yanta kuma suna faɗowa ido buɗe, da gashinsu, ranar nan suke fara tsalle a kan dutse.

Ga wani wuri da ya kamata a yi hattara. Turamen haƙoran giwa ba daga ƙasa suke tsirowa su ture na da ba kamar namu. Daga ƙuryar muƙamuƙi suke fitowa, suna matsowa gaba sannu a hankali, na gaba ya cinye ya faɗi, na baya ya maye gurbinsa, sau shida a rayuwarta. In na shida ya ƙare tsohuwar giwa ba ta iya tauna, yunwa ce ke ƙarasa ta. Ayu ma haƙoransa haka suke tafiya daga baya zuwa gaba, nasa ma ba su da iyaka. Kowa zai ce ga shaida babba. Amma da aka duba ƙasusuwan magabatansu na farko, sai aka tarar ba su da wannan tsari, wato kowanne daga baya ya same shi, ta hanyarsa, saboda cin abinci mai cinye haƙori. Ashe ko tsakanin dangi ba kowace kama ce gado ba. Ina son wannan misali ƙwarai, domin yana nuna masu binciken nan ba sa karɓar shaida don kawai ta yi musu daɗi.

Bisa irin waɗannan alamu ne George Simpson na Amurka ya haɗa giwa da ayu da rema a rukuni ɗaya a 1945.

Shaidar ƙwayoyin halitta

Yawancinmu mun ji labarin gwajin DNA, wanda ake yi in an yi jayayya a kan uban yaro. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani dogon rubutu na sinadari da ɗa ke gada daga uwa da uba. Wajen kwafe shi daga tsatso zuwa tsatso ana samun 'yan sauye-sauye, kamar yadda littafin da aka daɗe ana kwafa da hannu yake tara ƙananan bambance-bambance. Kwafi biyu da suka yi tarayya a kuskure iri ɗaya, a wuri ɗaya, daga uwar kwafi ɗaya suka fito. Da wannan dabara ake auna kusancin dabbobi.

A shekarun 1990 aka gwada ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa da yawa. Sakamakon ya tabbatar da zumuncin giwa da ayu da rema, ya kuma jawo wasu dangi na nesa da ba wanda ya zata. Ɗaya daga cikinsu shi ne dabgi, mai fasa suri da dare yana lasar gara. Akwai wasu 'yan ƙananan dabbobi masu dogon hanci da ke kama da jaɓa, da wasu masu ƙaya kamar bushiya a tsibirin Madagaska, da wasu masu zama ƙarƙashin ƙasa a kudancin Afirka. A 1998 Michael Stanhope da abokan aikinsa suka raɗa wa wannan babban gida suna Afroteriya, ma'ana dabbobin Afirka, domin a nahiyarmu tushensu yake.

Tsakanin ayu da rema wa ya fi kusa da giwa? Masu nazarin ƙashi sun daɗe suna cewa ayu ne. Gwajin ƙwayoyin halitta bai tsaya a kan amsa ɗaya ba, saboda gidajen uku sun rabu ne kusan a lokaci guda, tun da daɗewa. Abin da aka haɗu a kai shi ne su ukun sun fi kusa da juna fiye da kowace dabba a duniya.

Abin da aka tono daga ƙasa

Wani lokaci ƙashin dabba yakan binne cikin laka, ya daɗe har ya zama dutse. A mahaƙar fosfat ta Ulad Abdun a Maroko aka samo guntun ƙoƙon kai da haƙoran wata dabba da masanin Faransa Emmanuel Gheerbrant ya bayyana a 2009, ya sa mata suna Eriteriyum. Shekarunta kimanin miliyan 60, kuma ita ce mafi tsufa da aka sani a zuriyar giwa. Nauyinta bai wuce 'yan kilo kaɗan ba, wato tsarar rema ce a girma, ba ta da hannu irin na giwa, ba ta da dogon haure. Haƙoranta ne suka nuna gidansu. Don ka ji nisan miliyan 60: in ka zauna kana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutawa, sai ka yi kusan shekara biyu kafin ka kai.

A Fayyum ta Masar, a 1901, Charles Andrews ya bayyana wata mai suna Moriteriyum, wadda ta rayu kimanin shekara miliyan 35 da suka wuce. Gajeriya ce mai kauri, tana zaman fadama tana cin ciyawar ruwa, wani reshe ne na gidan giwa da bai bar baya ba. A Fayyum ɗin dai an tono remomi iri-iri, wasu sun kai jaki, wasu sun doshi ƙaramar karkanda. A wancan zamani su ne manyan masu kiwo a Afirka. A tsibirin Jamaika kuma, a 2001, aka bayyana ƙasusuwan wani tsohon ɗan gidan ayu mai ƙafa huɗu da yake iya takawa a tudu. Har gobe in aka feɗe ayu ana tarar da 'yan guntayen ƙashin ƙugu a cikin namansa, ba sa riƙe ƙafar komai.

Me ya sa duk a Afirka abin ya faro? Domin a lokacin, Afirka tare da yankin Larabawa tsibiri ce, ruwa ya kewaye ta. Har ma wani hannun teku ya ratso Sahara ya iso ƙasar Sakkwato ta yau. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ƙarƙashin wannan teku ta taru, kuma ana samun bawon halittun ruwan gishiri a cikinta. Ke nan buhun simintin da aka yi ginin wani gida da shi a Ƙofar Marusa yana iya zama tsaran Eriteriyum. A cikin wannan keɓewa gidan ya yaɗu: wasu suka riƙa girma a tudu, wasu suka shiga ruwa, wasu suka kama kiwo. Kimanin shekara miliyan 20 da suka wuce ƙasar ta haɗe da Asiya. Dangin giwa suka fita har Turai da Amurka, magabatan barewa da ɓauna suka shigo suka cika makiyaya, manyan remomi suka ƙare, ƙanana suka tsira a duwatsu da bishiyoyi.

Kaka ɗaya, ba uwa da 'ya ba

Wata ɗaliba ta tambaye ni, "Malam, wato rema ce ta girma ta zama giwa?" Na ce, "A'a, Hajiya." Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma mu Katsinawa muna da misalin da zai warware shi. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe na Katsina da jama'arsu suka yi arewa suka kafa Maraɗi, har yau sarautar can Sarkin Katsina ake ce mata. Shekara ɗari biyu ke nan. Yanzu Bamaraɗe yana cewa buro, mu muna cewa ofis, yana cewa bik, muna cewa biro. Bakatsinen yau bai haifi Bamaraɗen yau ba, shi ma bai haife mu ba. Kakanni muka haɗa, hanya ta rabu, kowa ya sauya gwargwadon inda ya zauna. In shekara ɗari biyu ta sauya harshe haka, yi tunanin abin da miliyan 60 za ta yi wa jiki. Remar yau da giwar yau tsararrakin juna ne, kowacce ta yi tata doguwar tafiyar. Wanda ya yi imani da Mahalicci kuwa, in ya ga farcen giwa a hannun ayu, ba abin da zai ƙaru da shi sai ganin girman hikimar Ubangiji.

Ita kanta giwa iri uku ce ta rage: ta dajin sarari, irin ta Yankari a jihar Bauci, da ta kurmi, wadda ta fi ƙanƙanta, irin ta Okomu da Kuros Riba, da ta Asiya mai ƙananan kunnuwa. Giwar nan mai gashi ta ƙasashen ƙanƙara, wadda ragowarta ta ƙare kimanin shekara 4,000 da suka wuce a wani tsibiri na arewacin Rasha, ta fi kusa da ta Asiya fiye da yadda ta Asiya take kusa da tamu.

Abin da ke damuna shi ne gidan nan yana ƙarewa a hannunmu. A baya giwaye suna kai da kawowa tsakanin dajin Baban Rafi a jihar Maraɗi da dazuzzukan Katsina da Zamfara. Yau yaron Katsina sai a talabijin yake ganin giwa. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa giwar sarari cikin masu fuskantar ƙarewa, ta kurmi kuma cikin waɗanda ke bakin gaɓa. Ayu ana kashe shi don nama da mai, kuma duk mun san kwalaben man ayu da ake tallatawa a kasuwanninmu cikin kayan mata. Macen ayu ɗa ɗaya take haifa, sai bayan shekara biyu ko fiye ta sake, don haka abin da aka kashe ba ya saurin mayuwa. Wani babban ɗan'uwansa na tekun arewa, Turawa sun fara ganinsa a 1741, zuwa 1768 mafarauta sun ƙarar da shi ƙaf, shekara 27 kawai. Dokar Nijeriya ta 1985 kan dabbobi masu fuskantar ƙarewa ta hana farautar ayu da cinikinsa.

Kafin darasi na gaba, ka leƙa wurin mahauci ka roƙe shi ya nuna maka kan akuya, ka duba ko tana da haƙoran gaba a sama, ka rubuta abin da ka gani. Ka sami wani dattijo a unguwarku ko ƙauyenku ka tambaye shi inda aka yi wa giwa ganin ƙarshe a ƙasarku, da duwatsun da har yanzu ake samun rema, ka rubuto sunayen wuraren cikin layi biyar. In kuma aka kawo miki tallar man ayu, Hajiya, ki mayar wa mai shi abinsa, ki gaya masa dalili.